Tukwicin Cakulan Nelida

Bari in fara da tona wa kaina asiri, tunda ba ku san fuskata ba. Idan na hango Bature ya nufo ni a tashar jirgin ƙasa da alamun zai yi tambaya, wayata nake zarowa in kara a kunne in hau gaisawa da mutumin da babu shi. Ni ɗin nan, Sunaga Michio, da na ƙarar da ƙuruciyata ina koya wa yaran garin Isesaki, a nan Japan, nahawun Turanci a makarantar lesin. Ku ba ni jimla mai tsawon layin dogo, zan feɗe muku ita har wutsiya, in nuna muku ramin da aikatau ya ɓuya. Amma a ce in buɗe baki in kwatanta wa baƙo hanyar banɗaki, nan ake yin ta.

Wata mai karatu ta rubuta a ƙasan kashin da ya gabata na wannan labarin nawa cewa namijin da ya haura hamsin ba ya kamuwa da soyayya, hawan jini ne kawai. Na gode, 'yata. Na je an auna, jinina lafiya ƙalau, saboda haka matsalar tana nan inda take.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, matsalar sunanta Nelida. 'Yar Peru ce, jikar mutanenmu da suka yi ƙaura can tun zamanin kakanni. Ta zo garin nan tana budurwa, ta yi shekaru a masana'antar kayan mota, ta yi aure, auren ya mutu, yanzu tana da ɗan shagon abinci a bayan tasha, mai teburi kaɗan da kujerun da ba su yi kama da juna ba. Gasasshiyar kaza take sayarwa, da wata koriyar shinkafa, da lemo ruwan ɗorawa mai zaƙi kamar maganin tarin yara. Ruwan sama ne ya fara koro ni shagon. Ruwan ya ɗauke tun bara, ni ban ɗauke ba.

Japanancinta ya fi nawa gudu, irin na bakin masana'anta, ba kwana-kwana. To me ya kai ni koyon Sifaniyanci, harshen mutanen Peru? Akwai maganar da namiji mai shekaruna ba zai iya furta ta da harshen da uwarsa ta yi masa faɗa da shi ba. Na gwada a gaban madubi, sai na ji kamar marigayiyar tana tsaye a bayana da tsintsiya. Da harshen wasu kuwa, ai darasi ne, kuma darasi shi ne abu ɗaya da na iya.

Ga yadda nake yi. In ɗauki abin da ke raina, in juye shi zuwa Turanci, domin a can na san ɗakin kowace kalma, sannan in tsallaka da shi Sifaniyanci. Harsunan nan biyu 'yan gida ɗaya ne: mai aiki a gaba, aikin a tsakiya, wanda aka yi wa a baya. Mu sai ƙarshen jimla muke ajiye aikatau, yadda mutum zai dubi fuskar mai sauraro ya sauya ra'ayi kafin ya kai can. Su kuwa tun a kalma ta biyu ka riga ka shiga uku. Inda suka rabu da Turanci sai in ja layi da jan biro: aikatau ɗinsu yana sauya wutsiya ga kowa da kowa, kuma kowane abu sai an ce namiji ne ko mace. Aka ce mini tebur mace ce. Ban yi gardama ba, ni da ko a cikin mutane ban iya zaɓe ba. Tafiyar kamar mai zuwa Maebashi da ke maƙwabtaka da mu ne ya bi ta can Tokyo, amma ana isa.

Saƙo ɗaya yakan cinye mini safiya guda. In rubuta mata cewa kazar jiya ta yi daɗi, in duba, in sake dubawa, in tura. Ita kuma ta amso da Japananci, kafin in ajiye wayar: "Yauwa Malam! Gobe akwai wake." Sai hoton wata kaza tana rawa.

Ana nan sai ranar sha huɗu ga Fabrairu ta zo, ranar da mata ke raba cakulan. Na gama cin abinci na tashi, sai ta miƙo mini wani ɗan ƙunshi a farar takarda, an murɗe bakinsa biyu. Ta ce, "Malam, wannan naka ne," ta juya wajen tukunyarta.

Ku da kuka girma a ƙasar nan kun san inda gizo ke saƙar. Akwai cakulan sauke nauyi, wanda ake ba shugaba a ofis da maigadi da duk wani mai numfashi. Akwai kuma na zuciya. Na sauke nauyi na sha karɓa, har na san kantin da ake sayo shi da araha. Wannan kuwa babu tambarin kowane kanti a jikinsa. Na kai shi gida na sa a firiji, ban ci ba. Sai in tashi daga teburin ɗumi, mai bargo da na'urar ɗumama ƙafa a ƙarƙashi, in je in buɗe firijin in dube shi, in rufe, in dawo in zauna, in ga ashe ban duba shi da kyau ba. Na shinshina, na ɗaga shi a hasken taga, na auna nauyinsa a tafin hannu. Jimla ce da ban ga aikatau ɗinta ba.

A nan Yaya Fumie ta shigo labarin, kamar yadda take shiga komai, ba sallama. Yayata ce, kuma tun da iyayenmu suka rasu ta ɗauki zamana ba aure a matsayin cin fuska gare ta. Takan zo ta share wajen hotunansu, ta kunna turare, ta kai musu ƙarata da murya yadda zan ji daga kicin. Rannan ta buɗe firiji za ta zubar da abin da ya lalace, sai ta tsaya.

"Michi, wa ya ba ka wannan?"

Na ce wata ce a wajen cin abinci.

Ta warware takardar, ta juya shi da ɗan yatsa kamar likita. "Na hannu ne. Mace ba ta tsayawa narka cakulan don ta sauke nauyi."

Zuciyata ta yi tsalle har sai da na dafa bango.

"Sai dai fa," ta ci gaba, tana naɗe shi, "idan mai shagon nan ce ta bayan tasha, ita komai da hannu take yi. Har labulenta. Kada tsufa ya zo maka da hauka."

Haka Yaya take. Da hannu ɗaya za ta ba ka tsani, da ɗayan ta jijjiga shi. Kuma tana da dalilinta, domin ta riga ta shirya mini zaman gani-da-ido da wata Madam Kanai, mai kemis a Takasaki, wadda mijinta ya rasu. Ƙanwar aminiyar Yaya ce ta ajin jera furanni, kun ga ke nan ba ni kaɗai ke kan siraɗi ba, mutuncin Yaya ma yana kai.

Na so a ce matar ba ta yi ba, da na samu abin faɗa. Muka haɗu a falon shan shayi na wani otal, ta zo da riga ruwan toka da 'yar sarƙa siririya, gashinta da furfurar da ba ta rina ba. Da masu rakiya suka ba mu wuri, ta ajiye kofinta ta ce ita ba ta zo neman wanda zai yi mata waƙa ba. Tana son dai a ce idan ta zame a banɗaki, akwai wanda zai lura kafin maƙwabta su ji wari. Na yi dariya, sannan na tuna nawa banɗakin da santsin tayil ɗinsa, dariyar ta koma ciki. Mace ce mai hankali. Da ita zan san ranar da maganina zai ƙare, zan san abin da za a ci ranar Laraba. Ta wajensu an aiko da amsa washegari cewa ba ta ƙi a ci gaba ba.

Ni ne na riƙe tawa amsar. Irin wannan zama ba a barin mace tana jira, kowa ya sani. Yaya ta yi ta kare ni da cewa lokacin jarrabawar shiga manyan makarantu ne, ɗalibai sun sha mini kai. Jarrabawa ta zo ta wuce, har an kafe sakamako, yaran sun yi kukansu sun share hawaye. Uzurina ya mutu a tsaye.

Sai ga sha huɗu ga Maris, ranar da maza ke mayar da tukwici. Tun ban gama wanke baki ba wayata ta fara ƙara.

"Na haɗu da yayar Kanai a ajin furanni. Ta gaishe ni da ladabi ƙwarai. Ka san abin da hakan ke nufi."

"Yau kafin faɗuwar rana. E ko a'a."

"Idan a'a ce, wannan ce ta ƙarshe. Ba zan sake kai fuskata gidan kowa ba. Ka tsufa da littattafanka."

"Kuma ka aske gashin hancinka."

Na aske. Na ciro kwat ɗina shuɗiya wadda nake sawa ranar yaye ɗalibai, tana warin kafur. Na ɗaura laktaye ja, na ga na yi kama da mai neman ƙuri'a, na kwance. Na ɗaura ruwan toka, na koma mai zuwa ta'aziyya. Na tsaya a kan mai ɗigo-ɗigo. Na taje 'yan gashin da suka rage daga hagu zuwa dama, suka yi iya ƙoƙarinsu. Na sa takalmi, na cire, na koma na duba ko na kashe gas, na buɗe firiji na yi wa cakulan kallon ƙarshe kamar shi zai ba ni satar amsa.

A babban kanti, matar da ke kan teburin alewa ta dube ni ta gane komai. Ta rage murya ta yi mini bita: farar alewar nan mai laushi kamar auduga ta nuna ba ka so, tunda nan da nan take narkewa, biskit na abota ne, alewa mai tauri, wadda ke daɗewa a baki, ita ce ta mai nufi da gaske. Na tambaye ta ko mutanen Peru sun san wannan tsari. Ta ce ita dai ba ta taɓa zuwa Peru ba. Na sayi mai taurin, cikin kwalbar gilashi, aka ɗaure da shuɗin zare.

Amma ba alewar ce makamina ba. Jawabi na tanada. Tun washegarin cakulan nake gina shi, bulo bayan bulo. Na rubuta da Japananci na ji kunya na yaga. Na rubuta da Turanci, na gyara shi kamar takardar ɗalibin da nake jin haushinsa. Na tsallaka da shi, na bi kowane aikatau na ɗaura masa wutsiyarsa, na tabbatar kowane namiji da mace suna inda ya kamata. Sannan na haddace, a wanka, a mota, a gaban hoton iyayena, waɗanda dai ba su ji komai ba balle su yi fushi. Ban taɓa barin jimla ta fita daga bakina ba sai na tabbatar babu inda jan biro zai taɓa ta. Abin da nake koya wa yara ke nan, kuma da shi suke cin jarrabawa.

Na isa shagon bayan an tashi daga cin abincin rana, lokacin da babu kowa. Iskar dutsen Akagi ta riga ta mayar da gashina daga dama zuwa hagu. Nelida tana goge teburi, ta ɗaure kai da jan ƙyalle, hannun rigarta a naɗe, rediyo yana wata waƙa mai ganguna. Ta dubi kwat ɗin, ta dubi laktayen.

"Malam, wa ya mutu?"

Na ce babu kowa tukuna.

"To zauna, akwai sauran wake."

Ban zauna ba. Na miƙa mata kwalbar da hannu biyu, na sunkuya. Ta karɓa tana dariya, ta ce ashe ni ma na san tukwici, direbobin tasi da su ma ta ba cakulan ba wanda ya tuna. Direbobin tasi. Maganar ta shige ni kamar allura, amma jirgi ya riga ya bar tasha. Na haɗa ƙafafuna, na kafa ido a kan kalandar da ke bayan kanta, na fara, da harshenta.

Ga abin da na ce, gwargwadon yadda zan iya mayar muku da shi:

"Nelida, tun ranar da na fara cin abincinki, gidana ya ƙara faɗi, ya ƙara shiru. Ni ba yaro ba ne, ba kyakkyawa ba, kuma ban iya rawa ba. Amma idan za ki yarda, ina so in zama wanda zai riƙa ɗora miki kujeru a kan teburi idan an tashi, yau da gobe, har iya abin da ya rage mini."

Ban yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Da a ce wani ɗalibina ne ya yi, da na zana masa babbar da'ira mai fure, alamar cikakken maki.

Ta miƙa hannu ta kashe rediyon. Ta ajiye tsumman. Ta daɗe tana kallona, kamar wadda karen gidansu ya buɗe baki ya karanto mata labarai. Sannan ta ce, da Japananci, a hankali, "Ashe haka ka iya? Duk watannin nan kana zaune kana ji, ka bar ni ina fama da harshenku?"

Kafin in ce uffan, ta juya harshe zuwa Sifaniyanci.

Ban taɓa ganin Nelida ta yi magana haka ba. Kamar an buɗe madatsar ruwa. Ta dafa ƙirjinta, ta nuna hoton wata tsohuwa da ke bango, ta nuna ƙofa, ta nuna ni. Ta lissafa wasu abubuwa da yatsu, ta kai na uku ta girgiza kai. Ta yi dariya har ta riƙe kujera. Can kuma muryarta ta karye, ta share ido da bayan hannu, ta rungume kwalbar alewar a jikinta, ta sake ajiye ta a kan tebur, ta ɗan tura ta gefe, ta sake jawo ta.

Ni kuwa na yi abin da aka tarbiyyantar da ni a kai. A gidanmu ba a barin mai magana shi kaɗai a fili. Duk inda ya ja numfashi sai ka gyaɗa kai ka ce e, e, don ya san kana tare da shi. Da shi nake sauraron shugaban makaranta, da shi nake sauraron Yaya, kuma bai taɓa ɗaure ni da komai ba. Sai dai na yi mata karamci na fassara shi. Duk inda ta numfasa, in sunkuya in ce, "Sí. Sí."

A wani wuri ta tsaya cak. Ta matso, ta leƙa fuskata.

"Sí?"

Malami ba ya ja da baya a gaban allo. Na ƙara sunkuyawa fiye da na baya, na ce, "Sí."

Ta rufe baki da tafin hannu. Daidai nan motar mai kawo kaji ta yi ham a ƙofar baya. Ta zabura, ta zuba wake a roba ta ɗaure a leda ta danƙa mini, ta gyara mini laktayen da ya karkace, ta ƙara wata gajeriyar magana, ta tura ni waje da tafin hannunta a tsakiyar bayana. Har yanzu ina jin ɗumin wurin.

Na zauna a mota, ledar wake a cinya.  Rana ta fara karkata, wayata kuma ta haska: "Michi." Sunana kawai, babu ƙari. Wanda ya san Yaya ya san wannan ya fi zagi.

Na tuna Madam Kanai da kofin shayinta, da yadda ta faɗi gaskiyarta ba ado. Na tuna tayil ɗin banɗakina. Sannan na tuna hannun da ya gyara mini laktaye, na danna kira.

Na ce wa Yaya ta ba su haƙuri, ta gaya musu matar ta fi ƙarfina, kamar yadda ake faɗa.  Muryarta ta sauka, irin wadda rabona da ji tun muna yara.

"Ka san ba za a sake ba ko?"

"Na sani, Yaya."

"Mai shagon ce?"

"Ita ce."

"To ta amince ke nan?"

"Ta yi magana sosai, Yaya. Har da hawaye."

Ta ja dogon numfashi, ta ce bari ta nemo kwalin kayan zaƙi mai tsada ta je ta zubar da sauran mutuncinta a Takasaki, kuma ni zan biya. Ta kashe.

Yanzu ina zaune a teburin ɗumi ina rubuta muku wannan, kwat ɗin tana rataye, waken na gabana. Na buɗe wayata na fara rubuta wa Nelida saƙo na goge, na tashi na zagaya ɗakin na dawo. Yaya ta turo cewa ta isar, an karɓa da ladabi ƙwarai.

Sifaniyancina duk a takarda na koye shi, ban taɓa zama na saurari mai harshen yana magana ba. A cikin duk abin da Nelida ta faɗa, kalma biyu na gane: sunana, da Lahadi.